Labarin Gwajin Injin Dizal a Birnin Augsburg

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa a bakin kasuwa, ko kuwa ya ji gurnanin babbar mota sa'ad da ta ke hawan tudu da kaya niƙi-niƙi, ya san muryar injin nan da a ke kira dizal. Direbobinmu ma har sun raɗa wa mansa suna, su kan ce gas. Amma ba kowa ya san Dizal ɗin nan sunan mutum ba ne, wani Bajamushe da a ke rubuta sunansa Rudolf Diesel. Cikin waɗanda suka sani ɗin kuma, kaɗan ne suka san injin da mutumin nan ya fara zanawa a takarda, har gwamnatin Jamus ta ba shi shaidar mallakarsa, bai taɓa juyawa ba. Wanda mu ke gani yau wani ne dabam, a ɗakin gwaji ya samu siffarsa, bayan shekara huɗu ana ginawa ana warwarewa. To, labarin ɗakin gwajin nan mu ke so mu ba masu karatu, duk da abin da ya auku sa'ad da aka yi gaggawar fitowa daga cikinsa.

An haifi Dizal a birnin Faris ran 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne masu ƙaramin ƙarfi, uban da aikin fata ya ke ci da su. Da yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamus cikin 1870 sai aka kori Jamusawa daga Faris, suka nufi Landan, daga can aka aika da yaron wurin danginsa a Augsburg, yana ɗan shekara 12. Ya yi ta karatu har ya kai babbar makarantar injiniyoyi ta Munik, inda ya zauna gaban wani shahararren malami, Carl von Linde, wanda ya yi suna wajen ƙera injin yin ƙanƙara. Wata rana cikin 1878 malamin nan ya bayyana wa almajiransa cewa injin tururi, wanda duniya duka ta dogara gare shi a zamanin nan, maɓarnaci ne. In an kasa zafin da ke cikin gawayin ƙasa kashi ɗari, kashi 6 zuwa 10 kaɗai ke zama aiki, saura duk ya bi hayaƙi da iska. Kamar ka ba bara sule goma ne ya sayo maka hatsi, ya komo da na sule guda, ya ce sauran sun zube a hanya. Maganar nan ta shiga ran Dizal, ba ta kuwa fita ba har ya bar duniya.

Ya gama makaranta a 1880, ya kama aiki a kamfanin malaminsa, yana sayar da injunan ƙanƙara a Faris, daga baya ya koma Balin. Rana tana ga aikin mutane, dare kuwa yana ga lissafinsa. Abin da ya ke bi shi ne wata ƙa'ida da wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya rubuta tun 1824, a kan iyakar aikin da za a iya samu daga zafi. Kanun dabarar Dizal ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya taɓa hura ƙafar keke ya san in ya daɗe yana bugawa gindin famfon ya kan yi zafi, domin iska in an matse ta zafi ta ke yi. Dizal ya ce, to, a cika silinda da iska zalla, watau tulun ƙarfen nan da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, a bar fistin ya matse ta matsa mai tsanani har ta yi zafin da zai kunna mai, sa'an nan a zuba man. Ba tukunyar ruwa, ba murhu, ba fulogi. Iskar ita ce ashana.

Har nan magana ta yi daidai. Amma a takarda Dizal bai tsaya nan ba. Ya ce za a matse iskar har ƙarfinta ya kai ninki 250 na nauyin iskar da ke bisa kanmu. Ya ce abin ƙonawa garin gawayin ƙasa ne. Ya ce za a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan yayin da fistin ke sauka, yadda zafin cikin silinda ba zai ƙaru ba ko kaɗan, saboda haka ba a bukatar ruwan sanyaya inji. Da wannan ya nemi takardar mallaka a 1892, aka ba shi mai lamba 67207 ran 23 ga Fabrairu, 1893, ya kuma buga ɗan littafi cikin shekarar nan yana bayyana lissafinsa. Waɗansu masana suka yaba, waɗansu suka yi masa ca. Masu suka suka ce, da farko dai babu ƙarfen da zai jimre wa irin matsin nan. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, man da za a ƙona bisa ga wannan ƙa'ida ƙanƙane ne ƙwarai, ƙarfin da zai bayar ba zai ko isa ya rinjayi gugar da ƙarafan injin ke yi da juna ba, balle a samu rarar da za a yi aiki da ita. Watau doki ne wanda ba ya iya ɗaukar ko sirdinsa. Gaskiya kuwa suka faɗa, Dizal ma da ya sake duba lissafinsa a ɓoye ya gane haka, ko da ya ke bai fito ya faɗa ba.

Mutumin da ya ceci al'amarin shi ne Heinrich von Buz, shugaban wata babbar maƙera ta injuna a Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN. Da fari ya ƙi. Da Dizal ya rage yawan matsin da ya ke nema sai ya yarda a gina inji guda domin gwaji. Aka ƙulla yarjejeniya a watan Fabrairu na 1893, cikin Afrilu kamfanin Krupp, masu ƙera igwa, suka shigo, suka ɗauki nauyin albashin Dizal, mak 30,000 a shekara, kuɗin Jamus na lokacin. Aka keɓe wuri cikin maƙerar aka ce nan ne ɗakin gwaji.

Bari mu kwatanta wa mai karatu abin da ke cikin ɗakin nan. Silinda ɗaya ce a tsaye, dogon abu kamar bututu, faɗin cikinta milimita 150, watau kamar inci 6, fistin kuwa yana tafiyar milimita 400 sama da ƙasa. A gefe ga wata babbar ƙafa ta ƙarfe mai nauyi, an ɗaura mata bel wanda ya taho daga injin tururin maƙerar. Bel ɗin nan shi ke juya sabon injin, kamar yadda a kan riƙe hannun yaro mai koyon tafiya. A kan silindar kuma an kafa wani ɗan ma'auni mai alƙalami, wanda ke zana layi bisa takarda yana nuna ƙarfin matsin da ke ciki a kowane taki na fistin. Wannan ɗan abu shi ne idon injiniya, gama ba mai iya leƙa cikin silinda wuta na ci. Daga siffar layin nan a ke gane ko mai ya kama da wuri, ko ya makara, ko ya ƙone sarai, ko kuwa iska tana zurarewa. Gwajin inji, in an bi asalinsa, karatun waɗannan 'yan takardu ne, dubbai a kan dubbai.

Aka fara a watan Yuli na 1893. Tun ba a zuba mai ba wahala ta bayyana, don iska ta ƙi matsuwa yadda a ke so, tana ta ɓulla ta gefen fistin da bakin bawul. Aka yi ta gyara. Ran 10 ga Agusta aka ga matsin ya isa a jarraba, bel yana juya injin, aka fesa ɗan fetur cikin silinda. Sai ji aka yi kamar an buga igwa. Ma'aunin nan ya tarwatse, gutsattsarinsa suka wuce ta kusa da kan Dizal da abokin aikinsa Lucian Vogel, da ƙyar suka tsira. Wani da ya ga haka sai ya ce an yi hasara. Dizal kuwa murna ya yi, domin an amsa masa babbar tambayarsa: ashe iskar da aka matse tana kunna mai da kanta. Amma fa iyakar abin da injin nan na farko ya nuna ke nan. Bai juya da ƙarfin kansa ba ko sau ɗaya, sai tari da baƙin hayaƙi, in aka buɗe shi a tarar da kunkunniya ta rufe ko'ina.

Aka kwance shi, aka yi watanni ana sake fistin da bawul da kan silinda. Babbar matsalar da ta tsaya musu a wuya ita ce yadda za a shigar da mai. Ku tuna cikin silinda iska ce a matse, tana tura duk abin da ya zo shiga, ga shi kuwa ana so ɗan ɗigon mai ya kutsa ciki, ya watsu ya zama kamar hazo, ya gauraya da iska, ya ƙone, duk a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Famfunan zamanin nan ba su iya wannan aiki ba. Daga ƙarshe Dizal ya koma ga wata dabara wadda shi kansa ba ya so, watau a kafa wani famfo dabam mai matsa iska fiye da ta cikin silinda, iskar nan ita za ta kwashi man ta hura shi ciki. Dabarar ta ƙara wa injin nauyi da tsada, tana kuma cin wani kashi na ƙarfinsa, amma ta yi aiki, har aka yi shekaru wajen talatin manyan injunan dizal suna tafiya a kanta. Cikin wannan tsakani ne kuma, a watan Nuwamba na 1893, ya nemi takardar mallaka ta biyu, inda ya sake yadda za a riƙa ƙona man. Wanda ya karanta ta da lura ya san mai ita ya fara sauka daga kan maganarsa ta farko.

Ran 17 ga Fabrairu, 1894, ana cikin gwaji kamar kullum, wani makaniki mai suna Linder yana bisa dandamali yana kula da bakin mai, sai ya lura gefen bel ɗin da ya saba zama a miƙe ya saki, wanda ya saba saki kuwa ya miƙe. Ma'anar wannan ita ce maƙera ta daina jan injin, injin ne ke jan maƙera. Bai ce uffan ba, sai ya ɗaga hularsa. Dizal ya duba ya gane, ya kama hannunsa ya girgiza. Injin ya yi minti guda yana tafiya da kansa, juyi 88, ba ya ɗauke da kayan kome.

Minti guda! Daga nan har a kai ga inji mai amfani sai da aka ƙara shekara uku. Sauran 1894 ma kusan duk a banza ta tafi, in ana iya kiran gano hanyar da ba ta ɓullewa banza. Aka jarraba dafa man ya zama tururi kafin a shigar da shi, bai yi ba. Aka jarraba taimaka masa da tartsatsin lantarki da waɗansu dabarun kunnawa, abin da in da an zauna a kansa da an rushe asalin maganar duka. Aka jarraba iskar gas ta fitilun gari. Mutanen Krupp suka fara gajiya da zuba kuɗi cikin rijiyar da ba a jin ƙarar faɗuwarsu. Buz shi ya dage, ya ce a ci gaba. A ganinmu ba a ba dattijon nan rabonsa na yabo ba, gama mai dabara a kan same shi, amma mai dukiyar da zai zura ido shekara da shekaru ana fasa masa ƙarfe ba a sayar da kome ba, shi ne mai wuyar samu.

A farkon 1895 aka sake gina injin, aka faɗaɗa silinda ta kai milimita 220, aka kuma yi mata rigar ruwa, watau aka kewaye ta da wani kwabo wanda ruwa ke gudana cikinsa yana ɗebe zafi. Ruwan nan da littafin 1893 ya ce ba a bukatarsa, ga shi ya shigo ta ƙofar gaba. Aka zauna a kan kananzir. Ran 26 ga Yuni aka yi masa gwajin birki na farko. Yadda a ke yin wannan, a kan ɗaura wa ƙafar injin birki mai dogon hannu, a rataya nauyi a bakin hannun, a ƙirga juyin da ya ke yi a minti, daga nan a san ƙarfin dawaki nawa ya ke bayarwa. A gefe guda kuma ana auna man da ya sha a sikeli. In aka gwama biyun sai a san kashi nawa na zafin man ya zama aiki. Ran nan aka sami kashi 16.6 cikin ɗari. Kafin shekarar ta ƙare, cikin Nuwamba da Disamba, aka yi masa gwajin jimiri, ya tara awa 111 yana aiki. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Da aka ga haka sai aka ce a bar faci, a gina sabo ful. Wani saurayin injiniya, Imanuel Lauster, shi ya zana shi cikin 1896, aka gama ginawa a watan Oktoba. Faɗin silindarsa milimita 250, kamar inci 10, tafiyar fistin tana nan 400. A cikinsa ma Dizal ya sa wata dabara da ya ƙwallafa rai a kanta, ta cusa wa silinda ƙarin iska tun kafin a fara matsawa. Da aka auna sai aka ga ƙarfi ya ƙaru amma shan mai ya fi ƙaruwa, aka cire ta. Dabarar ba ƙarya ba ce, manyan motocin yau da irinta su ke tafiya, sai dai lokacinta bai yi ba, ma'auni kuwa ba ya jin kunyar mai gida.

Sa'an nan aka kira alƙali daga waje, domin ba a yarda mutum ya ba da shaida a kan ɗansa. Aka gayyato Farfesa Moritz Schröter daga makarantar Munik. Ran 17 ga Fabrairu, 1897, shekara uku daidai da ranar da Linder ya ɗaga hula, ya tsaya a kan injin da ma'aunansa, ya gwada shi da cikakken kaya, ya gwada shi da rabi. Abin da ya samu shi ne ƙarfin doki kusan 18, juyi 154 a minti, kananzir giram 238 ga kowane doki a awa guda, kashi 26.2 cikin ɗari na zafin man ya zama aiki. A ran nan babu wani inji a duniya mai cin wuta da ya kai wannan, ya yi wajen ninki biyu na injin tururi mai kyau.

To, a ajiye wannan inji kusa da takardar 1893 a duba. Matsin da aka ce 250, ya tsaya a 30 da 'yan kai. Garin gawayi ya zama kananzir, ko da ya ke an ɗan taɓa jarraba gawayin daga baya aka bari. Ruwan da aka kora ya dawo. Zafin da aka ce ba zai ƙaru ba in mai ya kama, ƙaruwa ya ke yi ƙwarai, da ƙaruwar nan ma injin ke samun ƙarfinsa. Abin da ya rage na asali ɗaya ne tak, iska zalla a matse har ta kunna mai. Saura duka ɗakin gwaji ne ya rubuta.

Ran 16 ga Yuni, 1897, Dizal da Schröter suka tsaya gaban taron injiniyoyin Jamus a garin Kassel suka bayyana sakamakon, aka kuma ba mutane su fahimta cewa inji ya gamu, saura a ƙera a sayar. Nan da nan duniya ta ɗauka. Tun a watan Maris wani kamfani na Gilasgo, Mirrlees, ya riga ya sayi izinin ƙera shi. Adolphus Busch, attajirin giya na Amurka, ya biya mak miliyan guda. Emanuel Nobel, mai rijiyoyin mai a Baku, ya saya domin ƙasar Rasha, Burmeister da Wain suka saya domin Danmak. Mutumin da ya taso a ɗakin ɗinkin fata ya wayi gari miloniya.

A nan ne mu ke ganin aka yi kuskuren da ya fi na lissafin farko tsada. Gwajin Schröter gaskiya ne, ba algus a cikinsa, amma tambaya ɗaya ya amsa: inji guda, wanda gwanayen Augsburg suka goge kowane ƙarfensa da hannu, yana shan tataccen kananzir, mai shi yana tsaye a kansa, me zai iya yi a yini ɗaya? Bai amsa sauran tambayoyin ba. Yaya zai yi in wata maƙera ce ta ƙera shi daga zane kawai? Yaya zai yi a hannun mai kula da injin tururi, wanda ya saba da abin da a kan gyara da guduma? Yaya zai yi bayan wata shida yana aiki safe da yamma? Awa 111 ɗin nan da muka ce a riƙe, a masana'anta mai aikin awa goma a yini ba ta cika mako biyu ba. Dokin da ya yi sukuwa ran salla a gaban sarki, ba a san halinsa ba tukuna sai an yi doguwar tafiya da shi.

Amsa ba ta daɗe ba ta zo. Injin farko da aka sayar domin aiki, mai silinda biyu da ƙarfin doki 60, an kafa shi a wata masana'antar ashana a garin Kempten cikin 1898. Sai da makanikan Augsburg suka tare a gindinsa suna jinya kafin ya zauna daidai. A wurin nunin injuna da aka yi a Munik cikin shekarar nan, baƙi suna kallo da rana suna mamaki, ma'aikata kuwa suna fama da gyara in an watse. Waɗanda aka kai wurare masu nisa, inda ba gwani kusa, su suka fi ba da kunya. Bakin da ke fesa mai ya kan toshe da kunkunniya. Famfon iskar nan mai hura mai ya kan yi zafi har man shafawar da ke cikinsa ya kama wuta. Bawul ya ƙone, fistin ya ci silinda. Wani sabon kamfani da aka kafa a Augsburg musamman domin ƙera injin, da sunan Dizal a bisa ƙofarsa, masu saye suka yi ta komo masa da kayansa, bai daɗe ba ya durƙushe. Krupp da waɗansu manyan maƙera suka janye hannu. Sunan injin ya ɓaci a kasuwa, har ya zama in dillali ya ambace shi sai a yi murmushi.

Shi kuwa mai shi, ga shari'u a kan takardun mallakarsa, ga wasiƙun masu kuka, ga gajiyar shekara biyar, sai jikinsa ya ƙi. A watan Satumba na 1898 ya sayar da haƙƙoƙinsa ga wani kamfani da aka kafa domin riƙonsu, ya shiga gidan jinya a Munik saboda ciwon kai da rashin barci. Watau a daidai lokacin da injin ya fi bukatar ubansa, uban yana kwance.

Aka koma ɗakin gwaji, wannan karo ba kiɗa ba taro. Buz ya sa Lauster da 'yan'uwansa suka bi cututtukan nan ɗaya-ɗaya. Famfon iska aka raba aikinsa hawa biyu, a matsa iska rabi, a sanyaya ta da ruwa, kāna a ƙarasa, ta haka zafin ya daina kai wa ga kama wuta. Aka sake ƙirar bakin fesa mai. Aka sauƙaƙa ginin injin duka, aka rage masa nauyi da tsada, aka kuma koyi cewa dole a auna kowane ƙarfe da tsanani fiye da yadda aka saba a injin tururi, gama ratar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta zubar da matsi. A can Rasha kuma maƙerar Nobel ta birnin Fitasbag ta sa nata injin ya sha ɗanyen mai cikin 1899, wanda ya fi kananzir araha nesa. Wannan gwaji na biyu ba shi da ranar da a ke tunawa da ita kamar 17 ga Fabrairu, amma shi ya mai da abin kallo ya zama abin aiki.

Akwai wani ɗan gwaji a tsakanin nan da ya shafe mu. A babban nunin duniya da aka yi a Faris cikin 1900, inda injin dizal ya ci babbar lambar yabo, an tafiyar da wani ƙarami da man gyaɗa zalla, ya kuwa yi aiki lafiya har yawancin masu kallo ba su lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi haka, tana tunanin ƙasashen Afirka da ta ke mulki a lokacin, inda gyaɗa ke da yawa, gawayin ƙasa da man fetur kuwa sai an yi dakonsu daga nesa. Dizal da kansa ya ba da labarin nan a 1912, shekarar da gyaɗar Kano ta fara bin sabuwar hanyar jirgin ƙasa zuwa Ikko. Arahar man ƙasa ta sa ba a bi wannan hanya ba a zamanin.

Sannu a hankali amana ta komo. A 1904 aka kafa manyan injunan Augsburg a birnin Kiyef suna ba da lantarki domin jiragen cikin gari. A 1912 jirgin ruwan nan Selandia, wanda Burmeister da Wain suka gina a Kofanhegan, ya tafi har Bankok ya komo da injin dizal, ba shi da doguwar bututun hayaƙi irin ta jiragen tururi, mutane suna ta fitowa kallo a tashoshi. Shekara 15 ke nan bayan ranar da aka ce a Kassel inji ya gamu.

Nasarar ba ta kawo wa Dizal hutu ba. Cikin 1912 da 1913 waɗansu malamai suka taso masa, suka ce injin da ke aiki ba shi ne na takardarsa ba, maƙeran Augsburg ne suka yi shi, shi suna kawai ya bayar. Rabin maganarsu gaskiya ne, mun kuwa nuna haka a sama. Amma sun manta wanda ya tsaya a ɗakin nan tun daga ranar da ma'auni ya fashe, yana karanta layukan takarda, yana yarda da abin da suka ce ko da sun ƙaryata littafinsa. Laifinsa a wurinmu shi ne da ya ƙi faɗa a fili cewa ya sake hanya, don tsoron kada takardar mallakarsa ta faɗi. Ya amsa musu da wani littafi a 1913, inda ya jera tarihin gwaje-gwajen tun daga farko. A lokacin dukiyarsa ta riga ta lalace wajen cinikin filaye da na mai. Daren 29 ga Satumba na shekarar nan ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp za shi Ingila, ya ci abinci da abokan tafiyarsa, ya yi musu sai da safe. Da gari ya waye aka tarar da gadonsa ba a kwanta ba.

Injin nan na uku, wanda Schröter ya gwada, yana nan a gidan ajiye kayan tarihi na Deutsches Museum a birnin Munik, da silindarsa guda da babbar ƙafarsa, tsayinsa ya fi na mutum.